Jinjirin Watan da Ni Kaɗai Na Gani

Shekaranjiya na shiga kasuwa neman zare, sai na bi ta gaban rumfar wani dattijo mai kayan koli. A cikin tarkacensa na hango tandun kwalli, irin na fata mai ɗan wuya, wanda rabona da ganinsa har na manta. Na ɗauka na zare murfin na kai hanci. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, sai da dattijon ya ce, "Hajiya, saya za ki yi ko shaƙa?" Kunya ta sa na saya. Warin tsohuwar fata ne kawai da ɗan sanyin kwalli, amma ya ɗauke ni ya dire ni a kan soron zauren gidanmu na unguwar Djamboutou a Garwa, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, kusa da kakana yana zizara kwalli kafin rana ta faɗi.

Bari in gaya maka ko wane ne shi, mai karatu, don in ba ka san shi ba, labarin ba zai yi maka daɗi ba. Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka gangaro da jakuna da turamen zane, suka iso Garwa, suka ga bakin Binuwai ya karɓe su, suka zauna. Kakana ya gaji rumfar yadi, ya riƙe ta iyakar ƙarfinsa, sannan ya miƙa wa babana. Amma in gaskiya za a faɗa, yadi bai taɓa shiga ransa ba. Abin da ya gada da zuciya ɗaya shi ne sanin taurari, wanda fatake suke tafiya da shi a daji. Shi bai taɓa bin ayari ba, bai da wani amfanin da zai yi da wannan sani. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani yake kiwon tantabaru.

Duk unguwa ta koma rufin kwano, shi ya hana a taɓa soron zaure. Kullum la'asar sakaliya zai hau tsani da buzunsa da butarsa. A jikin rawanin ginin, ta ɓangaren yamma, ya yi 'yan tsage-tsage da wuƙa, kowanne yana nuna inda rana take faɗuwa a wani lokaci na shekara. Yana da wani madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda muke kira jumel, da ya saya wurin wani Bature ma'aikacin auduga da zai koma gida. Ido ɗaya ya tsage, ɗayan ne yake aiki. Matan unguwa kan zo su durƙusa su ce a duba musu taurari, wai ko ɗansu zai ci jarrabawa. Nan ne za ka ga ransa ya ɓaci. "Ni ba boka ba ne," haka yake ce musu. "Ban san abin da za ki ci gobe ba. Na dai san inda Zara za ta fito."

Jikokinsa maza ba wanda ya damu da soron. Ƙwallo ta ɗauke musu hankali. Ni kuwa kunu aka aike ni in kai masa wata rana, na tsaya ina jiran kwano, sai ya miƙo mini jumel ya ce in dubi wata. Na ga ramuka da duwatsu a jikinsa, na kusa sakin madubin don tsoro. Daga ranar na zama 'yar soro. Yana kirana amarya, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na auren tsoho mai kwana yana kallon sama. Ya nuna mini Zara da Gamzaki. Ya nuna mini Kaza da 'ya'yanta, ya ce in na ga ta fara kwanciya da wuri a yamma har ta ɓace, to, manoma su gyara fartanya. Ya koya mini awo da hannu: a miƙe hannu sosai, a rufe ido ɗaya, a ƙirga yatsu daga doron ƙasa zuwa abin da ake dubawa. In na ce masa tauraro yana can, sai ya ce, "Can ba wuri ba ne. Yatsa nawa?"

Wannan sha'awa tasa sau biyu a shekara take zama aikin jama'a, wato farkon azumi da ƙarshensa. Kusan shekara talatin shi ne idon unguwarmu. Ran ashirin da tara ga wata, maƙwabta biyu ko uku za su hau soron tare da shi. Shi zai fara tsinto jinjirin watan, ya nuna musu, su sauka su shaida wa liman, liman ya aika wa alƙali. Bai taɓa cewa ya gani aka zo aka ƙaryata ba. Saboda haka matan unguwa suka ƙirƙiro wata al'ada da ba wanda ya koya musu. Ba sa jiran sanarwa. Kunnensu yana kan turmin kakata. In an ga wata a soro, kakata ce take fara sani, sai ta zuba shinkafar tuwon Salla a turmi ta fara daka. Da maƙwabciya ta ji taɓarya a gidanmu bayan magariba, ita ma sai ta jawo nata turmin, na gaba ya ɗauka, har daka ya zagaye unguwa. Daga nan sai a kamo kaji a miƙa wa samari su yanka a ƙofar gida.

Ni na fara gane cewa idonsa yana tafiya. Wata rana ya nuna yamma da sandarsa ya ce, "Ga Kaza can, kin ga yadda 'ya'yan suka taru?" Na duba, na ga gajimare ya rufe wurin ruf. Inda ya nuna daidai ne, nan ya kamata ta kasance, amma da ka ya nuna, ba da ido ba. Sannu a hankali tambayarsa ta canza. Da yakan ce, "Kin gani?" Sai ya koma cewa, "Me kike gani?" Kwallin da yake sawa ya ƙaru, jumel kuma ya bar shi a hannuna. A cikin gida ba wanda ya lura, don ya san kowane dakali da kowane lungu, kuma hanyar masallaci ƙafarsa ta haddace ta. Ni da shi muka riƙe wannan magana ba tare da mun taɓa yin ta da baki ba. A shekarar farko Allah ya rufa masa asiri: farkon azumi rediyo ta riga kowa, ƙarshensa kuma hadari ya rufe sama aka cika talatin.

Shekarar da nake ba ka labari, azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Wanda bai yi azumin bazara a Garwa ba, kada ya yi mini maganar ƙishirwa. Mutane sukan jiƙa zane su lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Ga shi kuma lokacin nan ne da bayan hargitsin da aka yi a babban birnin ƙasar, kowa a arewa ya kama bakinsa. Rediyo a hankali ake kunna ta, hanyoyi cike da shingayen jandarma, in dare ya yi babbar mota ba ta wucewa sai gari ya waye. Mutane sun gaji, kowa Salla yake so ta zo ko a samu abin yin dariya.

Ran ashirin da tara da azahar aka yi ruwa, na farko mai ƙarfi a shekarar. Ya ɗauke da la'asar, amma yamma ta kasance a rufe da baƙin hadari. Maƙwabtan da suke hawa soro suka leƙa sama, suka ce yau ba sai an wahala ba, kowa ya zauna gidansa. Kakana ya zizara kwallinsa, ya ce in ɗauko dabino da ruwa. Kakata ta ce, "Malam, soron nan da santsi, ga sama a rufe, me za ka gano?" Ya ce shi dai bai taɓa fashi ba. Muka hau, ni a gaba, shi a baya.

Aka kira salla, ya sha ruwa, ya yi magariba a kan buzunsa. Ni ina tsaye a bakin rawanin gini ina kallon yamma, ba don ina sa ran komai ba. Sai na ga gindin hadarin ya ɗan ɗaga daga kan tudu, ya bar wata siririyar tsaga mai launin ruwan lemo. Ya ji na yi shiru, ya ce, "Me kike gani?" Na ce sama ta buɗe kaɗan. Ya miƙe da sauri kamar ba tsoho ba, ya laluba tsagar wuƙarsa a jikin gini, ya kama kafaɗuna ya juya ni. Ya ce daga inda rana ta faɗi in matsa hagu kaɗan, in hau sama a hankali, kada in zura ido, in bar shi ya huta a wurin.

Sai ga shi. Siriri kamar yankan farce, fari-fari, a cikin hasken nan.

Abin da na yi daga nan shi ne kuskurena, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya. Na ƙwala ihu iyakar muryata: "Ga shi! Ga shi! Wallahi ga wata!" Kakana ya matse mini kafaɗa. Ya ce in rufe ido, in goge su da bakin mayafi, don gashin ido in ya jiƙe yakan yi kama da wata. Ya sa na juya gabas, na ƙirga goma, na juyo na sake nema. Na sake samunsa. Ya ce yatsa nawa, na ce huɗu da ɗan ƙari. Ya ce ƙahonnin ina suke kallo, na ce sama, amma na dama ya fi na hagu tashi. Ya ɗaga fuskarsa wajen, ya buɗe idanun nan da suka sha kwalli, ya daɗe. Na san ba abin da yake gani sai haske. Kafin ya sauke kai hadarin ya sauko ya rufe tsagar. Duka-duka abin bai fi tsawon karanta Fatiha sau uku ba.

A lokacin ne muka ji taɓarya a tsakar gida. Kakata ta ji ihuna, ta ɗauka maganar mijinta nake maimaitawa kamar kullum.

Muka sauko. A ƙofar zaure ya tsaya, ya ɗora hannunsa a kafaɗata, ya ce, "Ja ni masallaci." Bai taɓa yin haka a waje ba. Muna tafe cikin taɓo, daka yana bin mu gida-gida. Na ga wani saurayi durƙushe a bakin kwata da zakara a ƙarƙashin ƙafarsa. Yara sun fara tsalle suna cewa gobe Salla. Da farko daɗi na ji, har ina ɗaga kai. Sai da na tuna tambayar da za a yi masa a masallaci sannan daɗin ya gushe.

Maza suna zaune a gaban masallaci suna jiran isha. Limaminmu Bafulatani ne, dattijo mai sanyin magana, muna ce masa Modibbo. Ya riga ya ji dakan, har ya sa an kira mai keken da zai kai saƙo wurin alƙali. Na tsaya daga gefe, kakana ya matsa gaba.

"Alhaji, jam na, lafiya?" in ji liman. "Mun ji gidanka ya fara. Ka gani? Da kai da wa?"

Da ya ce e, ba mai tambayarsa sau biyu. Na tabbata a cikin mutanen nan da an samu wanda zai ce shi ma kamar ya hango wani abu, shaida ta cika. Amma sai kakana ya ce:

"Allah gafarta Modibbo, an gani a sorona. Amma ba ni na gani ba. Ni shekara biyu ke nan ban ga tauraro ko ɗaya ba. Idon ya tafi. Jikata ce ta gani, ga ta nan. Na tambaye ta duk abin da ake tambaya, ta amsa daidai."

Daka yana ta zuwa daga cikin gidaje. Wanda ya fara magana telan unguwarmu ne. Ɗinkin Salla ya yi masa yawa, kwana ɗaya yake nema ido rufe. Ya ce, "Haba Alhaji! Sama a rufe kamar tukunya, manya ba su gani ba sai yarinya? Kayan Salla take so ta sa." Wasu suka yi dariya. Har yau ban yafe wa telan nan dariyar ba, ko da yake ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa.

Kakana ya ce, "In ba wata ta gani ba, ni na koya mata ba daidai ba. Kada wanda ya sake tambayata komai na sama."

Liman bai yi dariya ba. Ya ce shi ba zai iya kai wa alƙali maganar yarinya ita kaɗai ba, Alhaji ma ya san haka, saboda haka gobe azumi sai in wani labari ya zo. Sannan ya yafito ni. Ya share rairayi da tafin hannunsa a ƙarƙashin rumfar masallaci, ya ja layi ya ce wannan ce ƙasa, ya ɗiga yatsa ya ce nan rana ta faɗi. Ya ce in zana abin da na gani. Na zana da yatsa. Ya duba, ya sa aka kawo wata tsohuwar tasa ya kife a kai, ya aza dutse.

Abin da ya biyo baya a gida ba shi da daɗin faɗa. Mahaifiyata da goggona suka yafa mayafi suka bi gida-gida suna ba da haƙuri, suna cewa a tashi sahur. Wasu matan suka karɓa da dariya, wasu suka ce to kajin da aka fige fa, a wannan zafin? Wata tsohuwa ta ce ita ta riga ta sauke niyya, turmin gidan Alhaji bai taɓa ƙarya ba. Babana ya sami kakana a zaure, muryarsa ƙasa-ƙasa don ladabi, amma ina ji. "Baba, da ka bari mun san halin da kake ciki. Yanzu ka tona kanka a gaban jama'a, ka kuma jingina sunanka da maganar yarinya." Kakana ya ce a kunna rediyo. Tashar garinmu ba ta ce komai ba. Ta Kaduna kuwa walƙiya ta hana a ji, sai ƙara.

Ban runtsa ba. Ina kwance ina sake kallon abin a cikin kaina, kuma duk lokacin da na kalla sai ya canza. Wani lokaci ƙahon dama ne sama, wani lokaci na hagu. Na fara tambayar kaina ko bakin gajimare ne hasken rana ya taɓa. Na san ina son Salla. Na san fiye da haka ina son in ba tsohon nan abin da idonsa ya hana shi. To, in son ne ya zana mini wata a sama fa? Shekara talatin na sunansa, ga su a ƙarƙashin tasa, kuma yatsana ne ya zana. Abin da ya fi ba ni haushi, ta bangon ɗaki ina jiyo minsharinsa, yana barci hankali kwance kamar ba shi ya jawo mana ba.

Aka yi sahur. Maza suka tafi asuba. Gari ya fara haske ina zaune a bakin murhu, sai ga yayana a guje, ya ce Modibbo yana kirana. Na ce shi ke nan, za a sa in tuba a gaban mutane. Ko takalmi ban sa ba.

A gaban masallaci na tarar da wata kamiyo, babbar motar kaya, a tsaye, shaƙe da buhunan siminti. Mutum biyu suna zaune gaban liman, tufafinsu fari fat da ƙura. Ɗaya ɗan unguwarmu ne, direba, ɗayan abokin aikinsa. Daga garin Figil suka taso jiya da yamma. Can ba a yi ruwa ba, sama garau. Sun tsaya shan ruwa a bakin hanya, suka ga wata su da duk waɗanda ke wurin. Sun so su iso da labarin tun a daren, jandarma suka tsare su a shinge sai da asuba.

Liman bai bari sun ga tasar ba. Ya share wani wuri daban, ya ja layin ƙasa, ya ɗiga inda rana ta faɗi, ya ce direban ya zana. Mutumin ya durƙusa ya ja ɗan lanƙwasa da ƙaton yatsansa. Na kasa kallo, na rufe fuska da mayafi. Na ji an ɗauke dutse, na ji ƙarar tasa. Sai na ji liman ya ce, "Allahu Akbar." Na leƙa. Tururuwa ta bi ta kan zanena cikin dare, amma yana nan. Hagu kaɗan da faɗuwar rana, ƙahonni sama, na dama ya fi tashi. Na direban ya fi nawa girma, bambancin ke nan.

Na zauna daɓas a cikin taɓo na fashe da kuka, irin kukan da ba ka san yana cikinka ba sai ya fito. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan safiya ba, ko ranar da na haifi ɗana na fari. Mai keke ya tafi wurin alƙali da shaidar mutum biyu. Tela ya tashi ba sallama, ya ruga shagonsa yana riƙe da wando. Liman ya dube ni ya ce, "Useko, na gode, 'yata. Idonki lafiya lau." Ya juya ga kakana ya ce, "Alhaji, wanda ya koyar bai yi kuskure ba." Kafin hantsi aka yi sanarwa, mutane suka sha ruwa da rana suna dariya. Ashe an gani a wasu garuruwan ma, labari ne bai iso da wuri ba. A makare aka yi Idi, rabin yaran unguwa da riguna ba maɓalli. Mu kuwa tuwonmu da kajinmu sun riga na kowa nuna a duk Garwa, matan da suka yi mita jiya su ne suke aiko wa kakata da kwano.

A hanyar komawa gida hannunsa yana kafaɗata, mutane suna gaishe shi, yana amsawa da sunan kowa daga jin murya. Haushin jiya bai gama sakina ba. Na ce, "Kai ko a jikinka, har da minshari. In da direbobin nan ba su zo ba fa?"

Ya ce, "Da mun cika talatin, a yi mana dariya shekara guda. Amma da kin gan shi dai. Ni tun a soro na gama da wannan."

Na ce to me ya sa bai ce shi ya gani ba, tunda ya tabbata.

Ya yi 'yar tafiya kafin ya amsa. "Amarya, shekara biyu kullum ina kwana da tsoron ranar da za a tambaye ni. Ina tsoron in buɗe baki in ji na ce e. Jiya aka tambaye ni, na ji na ce a'a. Ki bar ni in yi minsharina."

Daga shekarar bai sake zama shaidar wata ba, ni ma ba a taɓa karɓar tawa ba, don haka dokar take. Amma duk ran ashirin da tara, in maƙwabta sun hau soro, ni suke ba wa wurin da ya fi kyau, shi kuma yana zaune a buzu yana jefo tambayoyi. Kakata ta kafa sharaɗi: ba ta sake taɓa turmi sai namiji baligi ya sauko ya gaya mata da bakinsa. Ya rayu shekara shida bayan nan, ana jan sa a fili, ba ɓoye-ɓoye, kuma na fi ganinsa da fara'a a shekarun nan fiye da na baya.

Yanzu soron babu shi, an rushe an yi shaguna. Ta yamma gidajen sama sun tare, fitilu sun cinye ƙananan taurari, Kaza ma sai an ɗauke wuta nake ganin 'ya'yanta sosai. Ba mai daka shinkafar Salla, inji ake kaiwa. Labarin wata kuwa a waya yake zuwa, wani lokaci tun mutum bai idar da magariba ba. Tsofaffi irina sukan yi ƙorafi a kan haka, ni ba na yi. Na san nauyin da ke cikin a ce Sallar unguwa guda da mutuncin dattijo suna rataye a idon yarinya, kuma ba na yi wa 'yar kowa fatan irin wannan kwana.

Duk da haka, ran ashirin da tara ba na zama a ɗaki. Nakan fita bayan gari inda yamma take a buɗe, in miƙe hannu in rufe ido ɗaya, masu wucewa a babur suna kallona kamar wadda ta taɓu. Yawanci ba na ganin komai, in dawo in ce ban gani ba, kuma faɗin haka bai taɓa yi mini nauyi ba. Sau ƙalilan nakan same shi. In na same shi sai in goge ido, in juya gabas in ƙirga goma, in sake nema. Sannan in koma gida in jira sanarwa tare da kowa. Tun daga waccan shekara ban sake yin ihu ba.